Allura kafin a kwance kaya

To jama'a, wasiƙu sun yi tsibi, agogo kuma ba ya jiran kowa. Ga ta wani bawan Allah daga Damagaram. Ya ce ƙanensa ya isa Jamus neman mafaka, ko kaya bai gama kwancewa ba aka ce ya miƙo dantse a yi masa allurar ƙyanda. Wai shin wannan ba raini ba ne, a riƙa yi wa baƙo kallon mai cuta?

Malam, kwantar da hankalinka. Doka ce da ta fara aiki ranar 1 ga Maris 2020, kuma ta hau kan 'ya'yan Jamusawa 'yan makaranta ma. Su fa sun taɓa ɗanɗana. A watan Oktoba 2014 ƙyanda ta ɓulla a masaukin masu neman mafaka a Berlin, waɗanda suka fito daga Bosniya da Sabiya, ta fantsama cikin gari, ta kama mutum sama da 1,300, har wani yaro ɗan wata 18 ya rasu. Da yawansu ma 'yan gari ne da ba su yi allura ba. Likitoci sun ce mai baƙon dauro ɗaya kan iya shafa wa mutum 12 zuwa 18, ƙwayar kuma takan kai awa biyu cikin iska bayan ya bar ɗaki. To ka duba masauki, gadaje a jere, banɗaki ɗaya, kwano kusa da kwano. In ta shigo, wa za ta fara damƙa? Ƙanenka mana! Ka ce masa ya adana katin allurar, kada ya yi irin tamu, a nema a rasa.

Hajiya daga Kano tana tambaya ko mashaƙon da ya addabe mu a 2023 har Turai yana zuwa. Yana zuwa, Hajiya. A ƙarshen 2022 ya ɓulla a sansanin masu neman mafaka na Manston a Ingila, inda aka cusa kusan mutum 4,000 a wurin da aka tanadar wa 1,600. Sai da ta ɓaci aka fara tarbar masu isowa da allura da magani.

Mai neman in koya masa hanyar samun mafaka, ba fannina ba ne.

Sai wannan kuma. Kai jama'a! Wai allura na hana haihuwa? Sau nawa zan amsa? Ba ta hanawa. Ga mai kula da na'ura can yana nuna mini agogo, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.