Amosanin Gaɓoɓin Hannu: Ire-irensa da Maganinsa

Hannu shi ne jarin talaka. Manomin shinkafa a fadamar Jere, da maɗinkin hula a Khaddamari, da uwargida mai riƙe da taɓarya, duk ranar da yatsunsu suka ƙi lanƙwasuwa, neman abinci ya tsaya. Jama'a kan kira kowane ciwon gaɓa "sanyi", su ɗora wa hunturu laifi. Alhali kuwa cutar iri-iri ce, kowace da maganinta.

Wadda ta fi yawa ita ce zaizayar guringuntsi, watau santsin nan da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da ita. Tana zuwa da shekaru, ko bayan tsohuwar karaya. A hannu takan kama gindin babban yatsa da gaɓoɓin kusa da farce, har su yi ƙulli mai tauri. Aiki ke tayar da ciwon, hutu ya kwantar da shi, kuma sandarewar safiya ba ta kai rabin sa'a.

Ta biyu, wadda likitoci ke kira rumatoyid, ita ce abin tsoro. A nan garkuwar jiki ce ke juyowa tana yaƙar gaɓoɓin mai ita. Mutum miliyan 18 ta kama a ƙiyasin 2019, kashi 70 cikin ɗari mata ne. Alamarta ba ta ɓuya ga mai lura: wuyan hannu da gindin yatsu su kumbura dama da hagu a tare, hannu ya sandare da asuba har fiye da sa'a guda, ga kasala. Wani lokaci takan hau gwiwar hannu da kafaɗa. Idan aka yi sakaci, yatsu kan karkace wajen ƙaramin yatsa, kuma gaɓar da ta lalace ba ta komawa yadda take. Saboda haka duk wanda ya yi makonni shida da irin wannan kumburi, lalle ya ga likita.

Ta uku gaggawa ce. Idan gaɓa guda ta kumbura farat ɗaya, ta ɗau zafi, ga zazzaɓi, mai yiwuwa ƙwayoyin cuta ne suka tara mugunya a ciki. A tafi asibiti a ranar. Kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Haka nan jaririn da bayan hannunsa ya kumbura yana ta kuka, a auna shi ko amosanin jini ne.

Likita zai yi tambayoyi, ya tattaɓa gaɓoɓin, ya sa a ɗauki hoton ƙashi da awon jini, wani lokaci a zuƙo ruwan gaɓa da allura. A fara da asibiti mafi kusa. Daga can ake tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano in ana bukatar tiyata.

Mai zaizaya ya riƙa gasa hannu da ruwan ɗumi, yana motsa yatsu kullum, ya naɗa tsumma a ƙotar lauje ko fartanya don riƙo ya yi sauƙi. Diclofenac da ibuprofen suna rage zogi, amma shan su kullum ba da izinin likita ba yana jawo gyambon ciki, yana kuma lalata ƙoda. Dexamethasone da ake saye a kemis ya fi su yaudara: sauƙi nan take, daga baya hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi.

Rumatoyid kuwa maganin zogi ba ya tsayar da ita. Akwai magungunan da ke danne cutar kanta, babbansu methotrexate. Sau ɗaya tak ake shan sa a mako, ba kullum ba, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa. Mai shan sa zai riƙa zuwa awon jini don duba hanta. Mace mai ciki, ko mai neman haihuwa, ko mai shayarwa, tilas ta gaya wa likita kafin a rubuta mata shi.