Yadda Ake Ɗaukar Hoton Gungun Taurari na NGC 253

A kudancin sama akwai wani gungun taurari mai murɗaɗɗun hannaye da ake kira NGC 253, wanda Caroline Herschel ta gano a 1783. Haskensa yakan yi tafiyar shekara kusan miliyan 11 kafin ya iso duniya. Daga Kano yana hawa sama da digiri 50, don haka kamara mai kyau tana iya kamo shi.

1. Zaɓi lokaci. Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya sauko. Ka jira duhun wata, ka bar hasken gari a baya.

2. Kafa kaya. Kana buƙatar kamara mai ajiye hoton RAW, da gilashi mai jawo nesa na milimita 300 ko fiye, da mariƙi mai inji wanda ke bin juyawar sama. Saita mariƙin da tauraron arewa. A Kano digiri 12 kawai yake sama da ƙasa, sai ka nemi filin da bishiya ba ta tare arewa ba. In aka yi gaggawa a nan, taurari za su fito da jela.

3. Nemo shi. Buɗe manhajar Stellarium, gano tauraron Diphda, sannan ka gangara kudu kamar digiri 7.

4. Gyara gani da hannu. Zuƙo tauraro a allon kamara, ka riƙa murza gilashi har ya koma ɗigo mafi ƙanƙanta.

5. Ɗauka. Sa ISO 1600, kowane hoto daƙiƙa 60 zuwa 90. Hoto ɗaya zai fito dishi-dishi, kada ka karaya. Haske ne ake tarawa sannu a hankali, kuma a ganina hotuna 80 masu tsabta sun fi tsadar kamara amfani. Da ka gama, rufe murfin gilashi ka ƙara 20 da saiti iri ɗaya kafin kamarar ta huce. Da su ake cire dattin da zafinta ke haifarwa.

6. Haɗa su a kwamfuta da Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne. Zubar da duk wanda ya girgiza. Sai ka riƙa ɗaga haske kaɗan-kaɗan har gungun ya bayyana kamar faifan da aka karkata, da baƙaƙen jijiyoyin ƙura a jikinsa. In tsakiyarsa ta fara yin fari fat, ka ja baya.