Kafin ka zaɓi haruffan littafinka, gwada rubutun tsutsarsu

Sana'ata tsara shafuka ce a Wudil. Yawancin abin da ake kawo mini kundin kammala karatu ne na ɗaliban Jami'ar Aliko Ɗangote, sai littattafan Hausa da mujallun ƙungiyoyi. Masu aiki da dama suna son haruffa masu kaurin ƙafa, irin su Rockwell da Roboto Slab, saboda suna cika ido a kanun labari. Ban ga laifinsu ba. Tun da Vincent Figgins ya fito da irinsu a Landan a 1815, don takardun talla aka fi amfani da su, a hango daga nesa. Rigimar tana farawa ne idan aka shigo da su cikin shafi.

Shafin littafi ba ya rabuwa da rubutun tsutsa: sunan wani littafi, kalmar Larabci, baitin waƙa. Roboto Slab kuwa ba shi da nasa. In ka danna maɓallin rubutun tsutsa a Word, kwamfuta ce kawai take tura haruffan su jingina dama, kamar dangar da iska ta kaɗa. Dubi ƙaramin a: a rubutun tsutsa na ainihi yakan koma irin na rubutun hannu, a na jabu kuwa yana nan yadda yake, karkacewa kawai ya yi.

Wadda ta fi damuna tamu ce mu masu rubutun Hausa. Rockwell, wanda kamfanin Monotype ya fitar a 1934, ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Kwamfuta ba za ta gaya maka ba, sai ta aro harafin daga wani samfuri ta cusa shi tsakiyar kalma. A kan allo da wuya ka lura. Sai an buga ka ga ƙ siriri tsakanin haruffa masu ƙiba. Daga nan wasu ke yar da ƙugiyar baki ɗaya, alhali tun shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan haruffa a boko.

Don haka kafin in amince da samfuri, nakan rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ a tsaye, da tsutsa, da mai kauri, da mai kauri na tsutsa, in buga a kan takardar da za a yi aikin da ita. In littafin zai ƙetara Maraɗi ko Damagaram, a ƙara Ƴ ƴ.

Wanda na fi yarda da shi a cikin shafi shi ne Charis SIL. Kyauta ne, yana da duk fuskokin huɗu, kuma an gina shi a kan Charter da Matthew Carter ya zana a 1987 don injinan bugu marasa kaifi, shi ya sa yake jure fotokwafi. A kula da ɗan'uwansa Doulos SIL: yana da ƙugiyoyin, amma tsayayyen rubutu kaɗai gare shi.

In za a tura aikin maɗaba'a a Kano, a tura shi PDF da haruffan a ƙunshe ciki, domin kwamfutar can ba lallai tana da samfurinka ba.