Darasin Lafiya: Hawan Jinin Da Ya Ƙi Sauka

'Yan'uwa, daga Bebeji har Doguwa muna da dattawa masu shan maganin hawan jini iri uku, amma jinin bai sauka ba. Kada mu ce sammu ne.

A saman kowace ƙoda akwai 'yar tsoka mai fitar da sinadarin aldosteron. In ya yi yawa, jiki yakan riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, ga kasala da fitsarin dare. Wannan ya fi hawan jini na kullum kawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Akwai maganinsa, amma sai an gwada jini tukuna. Mu roƙi likita takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Iyaye mata kuma, a rage gishiri, dunƙule da kanwa a miyar Baba.