Yadda Ake Tsara Fasta Don Mutanen Karkara

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ɗauki ta Bichi ya ratsa Dawanau, in ya lura da bangon ɗakunan shan magani da na makarantun firamare, zai ga sun sha fastoci, wata kan wata. Ga ta rigakafi, ga ta gidan sauro, ga ta wanke hannu, ga ta takin zamani. Kuɗi masu yawa aka kashe wajen buga su. Amma tsaya ka tambayi dattijon da ke zaune a gindin bangon, wanda ya shekara yana jingina da fastar, ka ce me take cewa. Sau da yawa amsar da za ka ji ita ce, "Ai ta gwamnati ce." Iyakar abin da ya ɗauka a cikinta ke nan, kuma laifin ba nasa ba ne.

An rubuta wannan takarda don malamin gona da malamin asibiti da malamin makaranta, da duk wanda aikinsa ya haɗa da isar da saƙo ga mutanen ƙauye. Aikin ba sabo ba ne a ƙasar nan. Tun da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945 ake buga takardun wayar da kai da Hausa. A farkon shekarun 1950 aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na Katsina ya yi wa hidima ƙwarai, hukumar NORLA kuma ta riƙa fitar da ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina. Motar majigi tana bin ƙauyuka da dare tana nuna fim ɗin Baban Larai. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, ba da daɗewa ba hukumar noma ta KNARDA ta biyo baya da malaman gonarta. Abin da ya haɗa ayyukan nan duka shi ne da harshen mutane aka yi musu magana. Yau kuwa, da injin buga hoto ya yi arha, an fi yawan tsara fasta a ofis, a kan kwamfuta, don ta burge wanda zai sa hannu a biya kuɗi.

Wa kake yi wa magana?

Kafin ka ja layi ɗaya, ka san mutuminka. Ƙasar da ta kewaye Kano, daga Ungogo da Minjibir da Gezawa har Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa, ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona, ba a barin saura. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960, ya nuna yadda manoma ke noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da ya mutu ba, saboda takin gida da ake kai masa a mangala. Manomin nan yana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, ƙarƙashin gawo da ɗorawa da tsamiya. Harawar waken nan abincin tumakinsa ce, kashin tumakin kuma abincin gonar.

To, ka kawo wa wannan mutum fasta mai hoton fili fetal, babu itace ko ɗaya, masara zalla, ga tarakta, ga manomi da dogon takalmin roba da hular malafa ta Turawa. Da kallo ɗaya zai gane cewa ba da shi ake ba, ya wuce abinsa. In kana so ya tsaya, zana masa gona irin tasa, da mutum mai irin rigarsa, riƙe da fartanya ko hauya irin wadda maƙerin garinsu ke ƙerawa. Mace kuma ta fito da hijabi ko mayafi, yadda matan gidansa ke fita.

Kada wani ya ce maka mutumin ƙauye ba ya gane alama. Kakanninsa sun bambance fartanyar NPC da tauraron NEPU, iyayensa sun dangwala wa mabuɗin PRP ba tare da sun karanta harafi ɗaya ba. Wannan ƙwarewar ce ma ke sa dole ka yi hattara. Ka zana mace riƙe da tsintsiya don koyar da shara, wani ya ce fastar jam'iyya ce. Ka sa wa manomin hotonka jar hula, rabin gari ya karɓa, rabi ya yage ta da dare. Haka ma in ka zana lema. A Kano launin hula ma magana ne.

Hoto shi ne rabin aiki, ko fiye

Fasta kamar mai shela take. Mai shela ba ya tsayawa a bakin kasuwa ya karanto babi goma, abu guda yake faɗi, da ƙarfi, ya maimaita. Saboda haka fasta ɗaya, saƙo ɗaya, kuma saƙon ya zama abin da mutum zai aikata da hannunsa: a shiga gidan sauro, a kai yaro rigakafi ranar kaza, a wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida. In kana da saƙo huɗu, buga fasta huɗu, ko ka zaɓi wanda ya fi muhimmanci ka haƙura da sauran.

An yi bincike a wurare da yawa kan yadda wanda bai saba da littafin boko ba ke kallon hoto. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne wanda aka yi a ƙauyukan ƙasar Nefal a 1976 tare da UNICEF. Abin da aka gano shi ne mutane sun fi saurin gane zane mai kama da abin zahiri, ko hoton kamara da aka share tarkacen bayansa, sun fi kuma ruɗewa da alamun da ɗan makaranta ke ɗauka kowa ya sani, irin su kibiya da alamar maki da ta kuskure. Daga nan ka ɗauki darasi. Zana mutum cikakkensa, kada ka yanke hannu kawai ka ajiye a tsakiyar takarda. Kada ka kumbura sauro ko ƙuda ya kai girman zakara, domin mai kallo zai iya cewa irin wannan dabba babu ita a garinsu, alhamdu lillahi. In dole ne a nuna shi da girma, a nuna shi a kan fatar mutum, yadda ido zai auna.

Ga wani abu da masu tsara fasta a birni kan manta, alhali a ƙasar Kano shi ne babba. Mafi yawan manya a ƙauyukan nan sun yi makarantar allo, idonsu ya saba farawa daga dama ya nufi hagu. Ɗan boko kuwa daga hagu yake farawa. Sai a zana yaro kwance yana gudawa a hagu, a tsakiya uwa na ba shi magani, a dama ga shi ya miƙe yana wasa. Mai karatun allo ya zo ya faro daga dama: ga yaro lafiyayye yana wasa, aka ba shi wani abu ya sha, ga shi kwance. A jihar da aka taɓa dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004 saboda zargi, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Maganinsa mai sauƙi ne. A jera hotuna daga sama zuwa ƙasa, a sa musu lamba 1, 2, 3, domin kowa daga sama yake farawa.

A duba misalin buhun adana wake, wanda ake kira PICS, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007 tare da masu bincike na Nijar da Nijeriya da wasu ƙasashe. Leda biyu ce mai kauri a cikin buhu ɗaya. In an ɗaure, iska ba ta shiga, ƙwarin wake su mutu, ba a bukatar zuba fiya-fiya ko ƙwayar bom a cikin abincin da iyali za su ci. Fastar wannan buhu hoto huɗu ya ishe ta: wake shanye a rana har ya bushe sarai, mutum yana duba ledar ko ta huje, yana danne iska yana ɗaure kowace leda daban, ta ciki tukuna, sai buhun a kan katako, nesa da bango saboda ɓera. Duk ƙarfin fastar yana hoto na uku, domin nan mutane ke kuskure, su haɗa bakin uku su ɗaure lokaci guda. Shi za ka ba fili mafi girma. Masu wannan aiki ba su tsaya ga takarda ba, sukan cika buhu a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance shi a gaban kowa. Gani ya kori ji, fasta tuni take yi.

Awo ma da abin da ke cikin gida za a nuna shi. A shekarun 1980, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, an koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari da awon kwalbar giya ɗaya ko kwalbar lemo biyu. Kowa ya san ta lemon za a zana wa matar ƙauye. Yau da ake raba garin haɗin a ƙunshe, ana narka shi a lita ɗaya, sai a nuna ruwan leda biyu mai rabin lita.

Rubutu kuwa ya zama kaɗan, manya-manya, baƙi a kan fari ko a kan rawaya. A rubuta da Hausar kasuwa, wadda aka yi tunaninta da Hausa, a sa ƙugiyoyin haruffa daidai. A ƙara layi ɗaya na ajami a ƙasa, malamin allo na garin ya rubuta da hannunsa, da irin rubutun da almajirai suka saba. Har yanzu ajami na kan takardar naira 200 da 500 da 1,000, kuma ka tuna surutun da aka yi lokacin da aka cire shi daga ƙananan takardun kuɗi a 2007. Amma kada a buga ayar Alƙur'ani a kan fasta. Ƙarshen kowace fasta faɗuwa ƙasa ne, ko ta koma hannun mai ƙosai, kuma mutane za su riƙe ka da wannan. Tambarin masu ba da tallafi a tura su can ƙasa, ƙanana. Hoton shugaba babu abin da yake koya wa kowa.

Inda za ta zauna

Bangon ƙasa ba ya riƙe gam, rana na cinye jan launi, damina na jiƙa takarda, abin da ya rage akuya ta ƙarasa. Don haka a nemi inuwa da wurin da mutane ke zaman jira: rumfar mai shayi, wurin injin niƙa, bakin famfo, zauren dagaci, shagon mai sayar da maganin feshi. A liƙa daidai tsayin ido, da iznin mai wurin. A fara kai wa dagaci da liman su gani, domin fastar da suka san da ita yara ba sa yage ta.

Matan aure da yawa suna cikin gida, fastar bakin titi ba ta kai musu. Nasu saƙon ya bi ta ɗakin awon ciki, da makarantar Islamiyya, da hannun ungozoma. Akwai kuma dabarar da 'yan kasuwa suka riga mu sani. Mutumin da ba ya kallon fastar kyauta, shi ne ke cire kuɗinsa ranar kasuwa ya sayi kalanda mai hoton shehunnai ya rataya a ɗaki. In ka mayar da saƙonka kalanda mai kyau, mai watannin Musulunci da na boko, za ta shiga har ƙuryar ɗaki ta shekara.

Gwaji kafin bugu

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi arha. Kafin ka kai aiki maɗaba'a, ɗauki zanen ka je ƙauyen da ba a san ka ba. Rufe rubutun da hannu, ka nuna wa mutane ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, tsofaffi da matasa. Kada ka tara su, domin in babba ya yi magana sauran za su ce haka ne. Kada kuma ka ce, "Baba, ka gane?" Kunya da ladabi za su sa ya ce ya gane. Ka ce, "Baba, me ka gani a nan? Me mutumin nan yake yi? Ɗan ina ne a ganinka?" Sai ka yi shiru, ka rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Matan gida kuma mace 'yar'uwarsu za ta shiga ta tambaye su. Daga nan ka manna zanen a bango, ka ja da baya taku goma, ka ga ko babban layin na karantuwa.

In mutum uku cikin goma suka ga wani abu daban da nufinka, koma ka gyara zanen ka sake gwadawa a wani ƙauyen. Muna roƙon shugabannin sassan lafiya da na gona da na ilimi a ƙananan hukumomi, kada su sa hannu a buga fasta ko ɗaya sai wanda ya tsara ta ya kawo musu takardar amsoshin mutanen da ya nuna wa.