Gargaɗin Turanci a Jikin Kwalin Magani

Mai sayen magani a Bololo, cikin birnin Njamena, yakan riƙe kwalin da aka buga a Indiya ko Najeriya, rubutunsa duk da Turancin Ingilishi, alhali a Cadi da Faransanci da Larabci ake karatu. Cikin kalmomin da ya kamata ya sani akwai "misuse".

Ma'anarta yin amfani da abu ba bisa ƙa'ida ba. Wanda likita ya ce ya sha ƙwaya ɗaya ya sha uku, ko matar da ta ba jaririnta ragowar maganin mijinta, duk sun faɗa cikinta ko da niyyarsu alheri ce. In suna ce, ƙarshenta da sautin "s" ake furta shi. In aikatau ce, da "z". Ana kuma faɗarta kan dukiyar hukuma da aka karkatar.

"Abuse" ta fi ta nauyi, domin a harkar magani tana nufin shan ƙwaya da gangan don a bugu. Tiramol ne babban misali: iyakar abin da likitoci ke yarda baligi ya sha a wuni miligiram 400 ne, amma masu tallar magani a titi, waɗanda 'yan Njamena ke kira Dokta Shuku, sukan sayar da ƙwaya guda mai 225. Irin wannan ɓarna ce ta sa Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin kalmomin nan biyu a takardar cikin kwali, ya kai wa ma'aikacin kemis mai lasisi ya karanta masa adadin sha kafin ya haɗiya.