Wasan Tabarma da Wasan Kwamfuta: Darasi Daga Rabon Ruwa a Kura da Bunkure

A shekarar 1974, wato shekarar da aka kammala ginin madatsar ruwa ta Tiga, wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Wasa ne da ake zama a kewaye tebur a yi shi. Kowane ɗan wasa yakan shiga rigar wani mutum na ƙage, ko mayaƙi, ko boka, ko ɓarawo, a rubuta ƙarfinsa da wayonsa da lafiyarsa da lambobi a kan takarda. Mutum ɗaya daga cikinsu, wanda za mu kira uban wasa, shi ke riƙe da labarin. Shi zai ce, "Kun iso bakin kogi, ga gada ta karye, me za ku yi?" Kowa ya faɗi dabararsa. In abin da ɗan wasa ya ce zai yi yana iya yiwuwa yana kuma iya ƙi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, ita za ta raba gardama.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga ɗan Hausa. A bikin kalankuwa samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan doka, kowa ya riƙe matsayinsa har a watse. Mai tatsuniya kuma takan dubi fuskokin yara, in ta ga sun fara gyangyaɗi sai ta shigo da kura. Abin da Turawan nan suka ƙara shi ne lissafi da ƙuri'a.

Ba a daɗe ba masu na'ura mai ƙwaƙwalwa suka ce su ma za su iya. A 1981 aka fito da Wizardry da Ultima, a 1998 aka yi Baldur's Gate bisa dokokin Dungeons & Dragons ɗin kansa, sannan a 2023 kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fito da na uku a jerin. Tun daga farko har yau masu wasan suna muhawara a kan tambaya guda: shin kwamfuta ta kama abin da ake samu a zaman tebur? Mai karatu zai iya cewa ina ruwan malamin ilmin halittu da wannan gardama ta 'yan wasa. Ruwansa kuwa da yawa, domin ita ce tambayar da masanin kimiyya ke fuskanta duk ranar da ya ce zai kwaikwayi gona, ko annoba, ko kogi, a cikin na'ura.

Abin da na'ura ta ƙware a kai

Kwamfuta ba ta gajiya da lissafi, ba ta mantuwa, ba ta son kai. Faɗan da zai ɗauki 'yan tebur sa'a guda suna jifa suna tarawa, ita takan gama shi kafin ƙiftawar ido. Ba ta da ƙwayar da za ta jefa, sai dai tana bin wata ƙa'idar lissafi da ke fitar da lambobi masu kama da na ƙuri'a, kuma don wasa wannan ya wadatar. Tana zana dutse da kogi, tana sa sauti, kuma mutum shi kaɗai cikin dare zai iya wasa ba sai ya tara abokai ba.

Inda take tuntuɓe shi ne wurin uban wasa. In 'yan tebur suka iso ga karyayyiyar gadar nan, wani zai iya cewa zai sare giginya ya shimfiɗa, wani ya ce zai nemi masunta a yi ciniki, wani ma ya ce shi ya fasa tafiyar. Uban wasa zai saurara, ya auna, ya yanke hukunci nan take ko da littafin dokoki bai ambaci giginya ba. Ita kwamfuta ƙofofin da mai tsara ta ya gina tun farko su kaɗai take buɗewa. Baldur's Gate na 2023 ya yi suna ne saboda yawan ƙofofin da aka gina masa, har yana nuna wa ɗan wasa ƙwayar mai fuska 20 tana juyawa a allo, amma kome yawansu ƙidayayyu ne. Masu yin Neverwinter Nights a 2002 sun gane wannan, shi ya sa suka bar gurbi don mutum ya shigo ta intanet ya zama uban wasa. Daga 2022 kuma mutane sun yi ta gwada manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira a wannan matsayi. Suna amsa kowace irin dabara, amma sukan manta abin da aka yi a baya, sukan kuma saki doka in ɗan wasa ya matsa musu.

Daga kwamfuta zuwa tabarma

A fagen noman rani an taɓa bin hanyar a juye. A shekarun 1990 wani mai bincike Bafaranshe, Olivier Barreteau, ya gina wani tsari a kwamfuta mai suna SHADOC don ya fahimci abin da ke sa wasu filayen ban ruwa na kwarin kogin Senegal ke ɗorewa, wasu kuma su durƙushe. A cikin na'urar akwai manoma na ƙage, kowane da halinsa wajen neman bashi, da biyan bashi, da ɗibar ruwa. Matsalar ita ce manoman gaske ba su da hanyar leƙa cikin na'urar su ce an faɗi daidai ko an yi kuskure. Sai shi da abokan aikinsa suka sauƙaƙa tsarin, suka mai da shi wasan kati wanda manoma za su zauna su yi da kansu, kowa ya ja katin da ke faɗin matsayinsa da manufarsa ta noma. Sun buga sakamakon a 2001. Da manoma suka yi wasan, suka gane abin da na'urar ke yi, suka sami bakin gyara ta, kuma zancen da ke da nauyin faɗi a taron gari ya fito a cikin raha.

Haka nan Bruce Lankford ya ƙirƙiro wani wasan kwarin kogi, aka gwada shi a Tanzaniya da Nijeriya. Katako ne mai gangara, da kwalabe 'yan mulmulallu a madadin ruwa, da 'yan sanduna a madadin bakin magudana. In na sama suka buɗe bakinsu da faɗi, kowa yana gani da idonsa yadda na ƙasa ke tashi hannu rabbana.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Ruwan da ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir da albasa a Kura da Bunkure da Garun Malam daga Tiga yake gangarowa ta babbar magudana, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya kai bakin gona, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Ba kamar na Senegal ba, inda sai an sayi mai an tada injin, namu gangara ce ke tura shi. Saboda haka wanda gonarsa ke kusa da bakin magudana shi ruwa ke fara iskewa, na wutsiya kuwa sai abin da aka rage masa. Duk ɗalibin da ya tashi a wannan yanki ya san wannan tun kafin ya san sunan Tiga.

Wasan da malami zai iya shiryawa

Ba a bukatar lantarki. A zana magudana a ƙasa, a jera gonaki 6 a gefenta, a zaunar da ɗalibi ɗaya a kowace. A kawo tsakuwa 60 su zama ruwan mako guda. Kowace gona tana bukatar tsakuwa 10 don ta yi albarka sosai. Malami ne uban wasa, shi ke tura kwanon tsakuwar daga gona zuwa gona, kuma tsakanin kowace gona da ta gaba yakan cire guda ɗaya, wato ruwan da ƙasa ta tsotse da wanda rana ta ƙafar. Tazara 5 ce, don haka tsakuwa 55 ne za su shiga gonaki.

A zagayen farko a hana magana. In kowa ya ɗebi 10, na shida zai sami 5 kacal, alhali ba wanda ya yi zalunci. In kuwa uku na farko suka ɗebi 12 kowannensu, don gudun kada gobe ruwa ya yanke, na huɗu da na biyar za su sami goma-goma, na shida ya tarar da kwano wayam. In da kowa zai haƙura da 9, da duka shidan sun samu, har guda ɗaya ta yi saura. Ɗalibai su yi wannan lissafin da kansu, kada malami ya faɗa musu.

A zagaye na biyu a shigo da ilmin halittu. Da yake wasu iyaye ba sa son ganin ƙwayar ludo a makaranta saboda kamarta da caca, sai a naɗe takardu 6 a zuba a hula, a riƙa jan ɗaya kowane mako ana mayarwa. Ɗaya ta ce kachala ta toshe magudana, asarar kowace tazara ta koma 2, ruwan da zai shiga gonaki ya sauko 50. Ɗaya ta ce jan-baki sun sauka a kan shinkafa. Ɗaya ta ce tsutsar tumatir ta shigo, wato Tuta absoluta wadda ta yi wa manoman Kadawa da kewaye mummunar ɓarna a 2016. Ɗaya ta ce tsargiya ta kwantar da manomi, ba zai je ban ruwa ba wannan makon. Ɗaya ta ce farashi ya faɗi, ta ƙarshe kuma ta ce lafiya lau. Kowace takarda da ta fito, malami ya tsaya ya yi bayani. Tsargiya, alal misali, tsutsa ce mai suna Schistosoma haematobium. Ƙwanta kan fita ta fitsarin mai cutar, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin ƙaramin dodon koɗi na jinsin Bulinus ya hayayyafa, sannan 'ya'yan su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Magudanar da ciyawa ta cika, ruwanta ya lafa, ita ce gidan wannan dodon koɗi. Ke nan takardar kachala da ta tsargiya 'yan uwan juna ne.

A zagaye na uku a saki baki. A nan ne malami zai buɗe kunne. Na wutsiya zai iya cewa zai taya na sama yashe magudana in an bar masa tsakuwa biyu. Wani zai kawo shawarar a yi kwana-kwana, wani ya ce a naɗa mai tsaron ƙofa, wani kuma ya lallaɓa ya saci tsakuwa in an juya baya. Wani ma zai ƙi ɗibar rabonsa cikakke don na ƙasa da shi ɗan ƙanen mahaifinsa ne. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a dokokin da aka shimfiɗa, amma kowannensu yana faruwa a bakin magudana, kuma irin su ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ke zama a kansu.

Inda tabarma ke gazawa

Kada wannan ya sa mu raina na'ura. Hular takardun nan tana faɗin ƙarya guda babba, domin ta ɗauka kowane mako damar zuwan tsutsar tumatir ɗaya ce cikin shida, ko ta zo makon jiya ko ba ta zo ba. Ƙwaro ba haka yake ba. Macen Tuta absoluta guda tana iya saka ƙwai sama da 200, kuma a lokacin zafi daga ƙwai zuwa uwa ba ya wuce kimanin wata guda. Mu ɗauka, don misali kawai, kowane zubi yana ninka na baya sau goma. Ƙwari 100 za su zama 1,000, sannan 10,000, sannan 100,000 cikin zubi uku. Kuma in sun shiga gonar maƙwabci, taka ce ta gaba. Irin wannan ninki da yaɗuwa, a gonaki dubbai, cikin shekaru ashirin, ba mai iya bin sa da tsakuwa. Ɗalibai shida za su yi zagaye goma su gaji, kwamfuta kuwa za ta maimaita kakar noma sau dubu kafin a sha ruwa, ta nuna sau nawa na wutsiya ya yi asara.

Sai dai duk abin da za ta nuna yana rataye ne ga halin da aka rubuta wa manomanta na ƙage. In mai tsarawa ya rubuta cewa kowane manomi yana ɗibar iyakar abin da ya samu, na'ura za ta yi ta ba da labarin rikici har abada, ba za ta taɓa gano ɗan ƙanen mahaifin nan ba. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata a fara da tabarma kafin a je ga allo, ko a wasan nishaɗi ko a bincike.

Makarantar da ke da kwamfuta ko guda ɗaya za ta iya haɗa biyun. Ɗalibai su rubuta abin da kowa ya ɗiba a kowane zagaye, su shigar da shi a jadawalin lissafi, su sa na'ura ta maimaita zagayen farko sau ɗari da takardun hula. Daga nan malami ya ba su aikin gida: su ɗauki yarjejeniyar da suka ƙulla da bakinsu a zagaye na uku, su gwada rubuta ta a matsayin doka wadda na'ura za ta iya bi, sannan su jera sassan da suka rubutu da waɗanda suka ƙi.